Kafin Ka Manne Ambulan

Karatun yau: 2 Sama'ila 11:14-17 da Filimon 10-19

Haɗa ambulan da hannu ba shi da wuya. Ka sami takarda mai ƙwari, ko da bayan tsohuwar kalanda ce, ka yanka ta da almakashi kusurwa huɗu daidai. Ka ɗora wasiƙar a tsakiya, ka naɗo kusurwar dama da ta hagu, ka naɗo ta ƙasa, ka shafa gam ko jiƙaƙƙen ƙaro. Kusurwar sama ita ce ta ƙarshe. Kafin ka manne ta, ka tambayi kanka: me nake rufewa?

Rufi iri biyu ne. Akwai rufin asirin ɗan'uwa, akwai kuma rufin muguntar zuciya. Daga waje duk ambulan ɗaya ne, shi ya sa Mugun yake jin daɗin aiki da shi.

Sarki Dawuda ya rubuta wa Yowab wasiƙa, ya danƙa ta a hannun Uriya. Abin da ke ciki umarni ne a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Amintaccen soja ya ɗauki mutuwarsa da hannunsa bai sani ba. Mutane ba su gani ba, amma Ubangiji ya gani, ya aiko annabi Natan.

Manzo Bulus ma ya aiki Onisimus wurin Filimon da wasiƙa. A cikinta ya roƙa a karɓi bawan nan kamar ɗan'uwa, har ya rubuta da hannunsa cewa shi zai biya duk bashin da ake binsa. Da Onisimus ya buɗe ta a hanya, ƙauna kawai zai tarar.

Ga ma'auni: in wanda ka ambata a ciki ya karanta, za ka iya duban idonsa ranar Lahadi?

Wataƙila ka ce, ai akwai laifin da dole a kai wa dattawan ikilisiya a asirce. Gaskiya ne, kuma tsawatarwa ba ƙiyayya ba ce. Amma Yesu ya koya mana a Matiyu 18 mu fara samun mai laifin mu kaɗai da shi. In ta kama a rubuta, ka rubuta abin da ka tabbatar, ka sa sunanka a ƙasa. Takardar ƙara marar suna tana raba miji da mata, tana watsa ƙungiyar mawaƙa, marubucinta kuwa yana tsaye yana ɗaga hannu cikin sujada.

Saƙon waya yana tafiya kafin fushi ya huce. Ambulan na hannu yana ba ka lokaci: yanka, naɗi, jiran gam ya bushe. Ka ba Ruhu Mai Tsarki wannan lokaci. In ya ce ka yaga, ka yaga.

Addu'a: Ya Uba, ka binciki abin da nake rubutawa a ɓoye. Kada hannuna ya manne abin da zai hallaka ɗan'uwana. Cikin sunan Yesu, Amin.