Barin Malami Butulci Ne?

Wata ƙawata da muka taso tare a Damagaram ta same ni bayan na fito daga shirin dare, ta ce tana so in faɗa mata gaskiya. Shekararta huɗu tana digirin digirgir, alhali tsarin karatun shekara uku ya tanada. Malamin da ke duba kundinta an ba shi muƙami, babinta na uku ya yi wata goma sha ɗaya a hannunsa. In ta kira, ya ce yana taro. Kuɗin tallafin karatunta sun ƙare. Ga wani malamin ya yarda ya karɓe ta, amma mahaifiyarta ta ce kul, wanda ya juya wa malaminsa baya ba ya ganin albarkar karatu.

Ban iya ce mata komai ba a daren, don ni ma da wannan tarbiyya na tashi. Kuma tsohuwar ba ta yi ƙarya ba. Shi ya zaɓa mata batun, shi ya sa hannu aka ɗauke ta lokacin da babu wanda ya san ta. Wannan bashi ne, ba ya faɗuwa don mutum ya canza.

Sai dai da na zauna na yi tunani, na ga magabatanmu ba su ɗauki zama wurin malami ɗaya a matsayin sharaɗin albarka ba. Almajiri kan sauke littafi nan, ya ɗauki buzunsa ya nufi wani gari. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Shehu Usmanu kuwa ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, daga baya ya saɓa masa a fili kan hukuncin mai aikata manyan zunubai, amma bai daina yabonsa ba. Ashe ana iya tashi daga gaban malami ba tare da an zubar da shi ba.

Ni a ganina alkawarin nan kai biyu gare shi. Ɗalibi ya rubuta, malami ya karanta. Wanda ya riƙe babi kusan shekara shi ya fara kwance igiyar, ko da bai yi niyya ba. Butulcin da nake tsoro wani ne daban: ta sulale ba sallama, ya ji labari a bakin sakatare, ko ta riƙa yawo da sunansa a majalisa, ko ta cire shi daga shafin godiya.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Malaman da suka kai matsayin jagorantar irin wannan kundi ba su da yawa a fanni guda, duk sun san juna, kuma wanda ka bari yau yana iya zama cikin alƙalanka ranar kare aiki. Da yawa masu cewa ladabi ya hana su tashi, tsoro ne ya zaunar da su. Ban ga laifinsu ba, amma a kira abin da sunansa.

Na ce mata ta je gidansa da kanta kafin ta kai takarda ofis, ta yi godiya, ta nemi ya sallame ta. Ta je ranar wata Juma'a. Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba babin cikin mako biyu. Yau kwana ashirin ke nan, takardar neman canjin tana jakarta, ba ta sa mata hannu ba tukuna.