Dokar da Ba a Gani Ba, Wa Ta Hau Kansa?

Masana shari'a suna cewa jahiltar doka ba uzuri ba ne. Na yarda da hikimar wannan ƙa'ida, domin da ana karɓar "ban sani ba" a gaban alƙali, da babu mai laifin da za a hukunta. Sai dai ina tambaya: idan mutum ya nemi dokar bai same ta ba, laifin rashin sanin na wane ne?

Tun bayan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976, hukuma mafi kusa da talaka ita ce ƙaramar hukumarsa. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa mata kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa. Ashe ke nan abin da mai rumfa a kasuwar Getso zai biya, ko mahauci a Kabo, yana rataye ne da ƙananan dokokin da kansiloli ke zartarwa. Amma harshen dokokinmu Turanci ne, mazauninsu kuwa ofis. Wanda bai san abin da doka ta yanka masa ba, ba zai iya bambance haraji da ƙwace ba.

Sashe na 36(12) na Kundin ya hana a hukunta kowa sai bisa rubutacciyar doka da ta fayyace laifin da hukuncinsa. A fahimtata, manufar rubutawa ita ce a karanta. Don haka ne talakawan Rum suka matsa lamba har aka kafa dokokinsu a alluna goma sha biyu a dandalin birni, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa. Kakanninmu ma sun san haka: umarnin hakimi sai an yi shelarsa, dagaci ya isar wa masu unguwanni.

Ban wanke talaka sarai ba, domin matambayi ba ya ɓata, kuma zuwa sakatariya neman bayani haƙƙinsa ne. Amma nauyin ya fi kan mai iko, tunda shi ya tsara dokar, a hannunsa take.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ina ganin ƙarin iko na zuwa da ƙarin amana. A fassara dokokin Gwarzo da Kabo zuwa Hausa, da boko da ajami, a liƙa su a ƙofar kasuwa da tasha, a karanta su a rediyo. Ranar da aka yi haka, wanda ya ce bai sani ba, ya yi kuka da kansa.