Yaron Da Ya Ƙi Hannun Sabuwar Uwarsa

Mutum da matarsa sun yi shekara biyu ko uku suna jiran takardu, sun kashe dukiyarsu, sun ƙetare teku domin su ɗauko maraya su mai da shi ɗansu. Ranar da aka miƙa musu yaron, sai ya fashe da kuka, ya ƙanƙame matar da ta kawo shi, ya ƙi yarda sabuwar uwar ta taɓa shi. To, yaron nan ya yi musu laifi ke nan? Tsakaninsa da su, wa ke bin wani bashin ƙauna? Wannan ita ce tambayar da muke so mu duba tare, ya mai karatu.

Ɗauko yara daga wata ƙasa zuwa wata ya yi ƙarfi ne bayan yaƙin Koriya, wanda ya tsaya a 1953. A 1955 waɗansu Kirista daga jihar Oregon ta Amurka, Harry Holt da matarsa Bertha, suka ɗauko yara takwas daga Koriya ta Kudu, mutane da yawa kuma suka bi sawunsu. Daga lokacin nan an fitar da yara wajen 200,000 daga wannan ƙasa kaɗai. A 2004 Amurkawa sun ɗauko yara kusan 23,000 daga ƙasashen waje, yawancinsu daga Sin da Rasha da Guwatamala. Yanzu abin ya ragu ƙwarai. Habasha ta rufe ƙofarta a 2018, Sin kuma ta rufe tata a 2024, sai ga dangi na kusa. Amma waɗansu ƙasashe suna ba da yara har yanzu, yaran da aka tafi da su a dā kuwa sun girma, suna faɗin abin da ya same su da bakinsu.

Bari mu ga yadda tafiyar take, mu ɗauki misalin Sin kafin ta rufe. Iyaye sukan yi kamar mako biyu a ƙasar. A wani ofishin gwamnati cikin babban birnin lardi ake kawo musu yaron, sau da yawa a hannun mai renonsa daga gidan marayu. Sukan kwana ɗaya da shi, kashegari su koma su sa hannu a takardu, daga nan a wurin hukuma ya zama ɗansu. Amurkawa sukan wuce birnin Guwanju domin likita ya duba yaron, a ba shi izinin shiga ƙasarsu. Duk kwanakin nan a ɗakin masauƙi ake yin su, mutum uku waɗanda ba su taɓa kwana tare ba.

Abin lura a nan shi ne, su ukun ba daga wuri ɗaya suka iso wannan rana ba. Iyayen sun yi watanni suna duban hotonsa, sun raɗa masa suna, sun shirya masa ɗaki, sun yi ta addu'a dominsa. A zuciyarsu ya riga ya zama nasu tun tuni. Yaron kuwa, musamman in bai wuce shekara biyu ba, bai san kome ba. Mu da muka san yaye za mu gane wannan da sauƙi. In an kai yaro gidan kakarsa domin a raba shi da nono, yakan yi kwanaki yana kuka, ko da yake ya san fuskar kakar, yana jin harshenta, kunun da take ba shi kuma ba baƙonsa ba ne. Shi kuwa wannan yaro, a yini ɗaya aka yaye shi daga kome: mai renonsa, da abokan wasansa, da shimfiɗarsa, da abincinsa, da harshen da yake ji tun yana ciki. Ranar da iyayen ke kira ranar murna, shi ranar rashi ce a gare shi.

Saboda haka yaran sukan nuna hali iri iri. Wani ya kwana yana kuka a bakin ƙofa, yana jiran a zo a mai da shi. Wani ya yi shiru kamar gunki, ba kuka ba dariya. Wani ya ƙi abinci, wani kuma ya ci har ya yi amai, ya ɓoye saura cikin rigarsa. Sau da yawa yaro yakan manne wa uban ya ƙi uwar, mai yiwuwa domin mace ce ta rene shi, bai kuwa yarda wata ta shiga gurbinta ba. Uwar da ta yi shekaru tana marmarin wannan rana, wannan ƙi yana yi mata zafi ƙwarai.

Wani likita Bature na Ingila, John Bowlby, ya yi shekaru yana binciken yadda jariri ke shaƙuwa da mai renonsa. Abin da ya nuna shi ne, shaƙuwa tana ginuwa ne a hankali. Jariri ya ji yunwa ya yi kuka, aka zo. Ya ji sanyi ya yi kuka, aka zo. Bayan an yi haka sau dubbai, sai ya koyi cewa akwai wanda ke zuwa in ya kira. Bayan faɗuwar mulkin Ceausescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga gidajen marayu inda jarirai suka daina kuka, domin ba mai zuwa. Michael Rutter da abokan aikinsa sun bi sawun yara 165 da aka kai Ingila daga Romaniya. Waɗanda aka fitar kafin su kai wata shida, yawancinsu sun taso kamar sauran yara. Cikin waɗanda suka daɗe fiye da haka, da yawa sun sha wahala, ɗaya daga cikin alamun kuwa ita ce yaro ya bi kowane baƙo ba tare da tsoro ba.

Ashe yaron da ke kuka domin mai renonsa yana nuna abu mai kyau ne. An taɓa ƙaunarsa, shi ma ya iya ƙauna. Wanda ya iya riƙe mutum ɗaya da ƙarfi haka, zai iya riƙe wani in an ba shi lokaci.

Wani zai ce, ai mutanen nan sun fitar da shi daga wahala, sun ba shi gida da makaranta da asibiti, ko bai kamata ya gode ba? Gaskiya ne sun yi alheri, kada kuwa a rena shi. Amma godiya tana zuwa ne daga wanda ya san abin da aka yi masa. Yaron bai roƙa a ɗauke shi ba, ba a yi shawara da shi ba, bai sa hannu a takarda ba. Waɗanda suka yi alkawari su ne manyan, bashin kuwa a wuyan mai alkawari yake. In iyaye suka shiga ɗakin masauƙin nan suna jiran a biya su da murmushi, za su ɗora wa yaro ƙarami kayan da ba nasa ba.

Akwai kuma iyayen da su ma ba su ji ƙaunar da suka zata ba. Suna duban yaron suna ganin ɗan wani, sai kunya da tsoro su kama su. Kada su fid da zuciya. A kwanakin farko ƙauna aiki ce da ake yi da hannu, jin daɗinta yakan biyo baya. Shi ya sa masu ba da shawara sukan ce wa iyaye su rage yawon ganin gari, su zauna da yaron. Su bar masa rigar da ya zo da ita ko da ta tsufa, gama warinta ya sani. Su ba shi abincin da ya saba, in kunun shinkafa ne a ba shi kunun shinkafa. Su kira shi da sunansa na dā. Su tambayi mai renon yadda take sa shi barci. Su ne za su riƙa ba shi abinci, su yi masa wanka, su ɗauke shi a jikinsu, abin da iyayenmu mata suka daɗe suna yi da zanen goyo. In ya ture hannu, a janye, a sāke miƙawa anjima. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wani bashi kuma, shi ne na gaskiya. A watan Oktoba 2007 aka tsare waɗansu Faransawa na ƙungiyar L'Arche de Zoé a Abeshe ta ƙasar Cadi, suna shirin tashi da yara 103 zuwa Faransa. Sun ce marayu ne daga Darfur, amma bincike ya nuna yawancinsu 'yan Cadi ne, suna da uwa ko uba a raye. A 2025 kuma wata hukumar bincike a Koriya ta Kudu ta tabbatar an yi ƙarya a takardun yara da dama da aka fitar a dā. Yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Hague a 1993 ta sa zaman yaro cikin danginsa a gaba, sa'an nan wani gida a ƙasarsa, kafin a yi maganar ƙetare. Don haka mai ƙaunar yaro zai yi tambaya sosai tun yana can: ina aka same shi, wa ya kawo shi, an nemi danginsa? Zai ajiye kowace takarda da kowane hoto, gama wata rana yaron zai tambaya. Musa ya girma a gidan Fir'auna, amma ya san mutanensa, sanin nan kuwa Allah ya yi aiki da shi.

Kaɗan ne cikinmu za su hau jirgi su ɗauko yaro, amma gidajenmu cike suke da 'ya'yan riƙo: ɗan 'yar'uwa da ta rasu, 'yar wa da aka kawo daga ƙauye, marayan da ikkilisiya ta danƙa wa wani dattijo. Sau nawa muke kiran irin wannan yaro butulu domin ya yi shiru, ko ya yi fitsarin kwance, ko ya ce yana son gida? Manzo Bulus ya koya mana cewa mu ma 'ya'yan da aka karɓa ne a gidan Allah, shi ne kuma ya fara ƙaunarmu tun muna guje masa. In an kawo maka yaro a wannan mako, bar shi ya yi kukansa, ka zauna kusa da shi, ka ajiye masa tuwonsa da ɗumi. Ubangiji ya ba mu haƙurin da za mu yi haka gobe da jibi, har ranar da zai miƙo hannu da kansa.