Tonon Asiri Ne Ko Faɗin Gaskiya?

Jama'a, ga wata tambaya da ta taso a ajinmu na karatun manya a nan Gazawa. Wani dattijo ya rubuta labarin gidansa da hannunsa. Ya ce rumbunsa ya ƙare tun kafin damina, ya sayar da akuyarsa, ɗansa ya tafi ci-rani Najeriya. Da ya karanta, sai wani ya ce: "Haba Malam! Wannan ai tonon asiri ne. In baƙo ya karanta fa?"

To, wa ke da gaskiya?

An taɓa yin irin wannan gardama a Amurka. Akwai wani marubucin waƙa baƙar fata, sunansa Langston Hughes. Ya san wahala. A 1923 ya yi aiki cikin jirgin ruwa, har ya zo Dakar da Legas. Ya yi wanke-wanke a gidan abinci a birnin Paris. A 1926 ya fitar da littafinsa na farko. Ba sarakuna ya yi wa waƙa ba. Talakawan unguwar Harlem ta birnin New York ya sa a takarda, da irin maganar da suke yi a titi.

Da littafinsa na biyu ya fito a 1927, wasu jaridun baƙaƙen fata suka yi masa ca. Suka ce ya nuna mashaya da 'yan caca, ya ba Turawa abin dariya. Tsoronsu ba na banza ba ne, don a lokacin ana wulaƙanta baƙar fata ƙwarai. Amma shi bai daina ba har ya rasu a 1967. Yau yara na karanta waƙoƙinsa a makarantu.

Ga nawa ganin. Rufin asiri abu ne mai kyau. Bai kamata ka rubuta sirrin maƙwabcinka ba, ko ka kama sunansa don a yi masa dariya. Wannan cin mutunci ne. Amma dattijon nan nasa ya faɗa, kuma talauci ba laifi ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In shi bai faɗa ba, wani daga nesa zai zo ya rubuta, ya ƙara gishiri, mu kuwa ba mu da bakin musu.

Saboda haka kafin ka sa alƙalami, tambayi zuciyarka abu biyu. Labarin nan nawa ne, ko na wani? Don gyara nake faɗa, ko don cin fuska?

Dattijon bai yaga takardarsa ba. Ya ce zai ajiye wa jikokinsa, su san yadda aka yi rumbu ya ƙare, su yi tanadi. Ku fa, me kuka gani? Ku rubuto mana.