Kara da Gaskiya a Kan Dutsen Sukur

Duk wanda ya biya kuɗi aka zaga da shi wani wurin tarihi, abu biyu ya saya, ko ya sani ko bai sani ba. Na farko hanya: wanda zai nuna masa inda zai taka, inda zai huta, da lokacin da ya kamata a juyo kafin rana ta faɗi. Na biyu labari. Hanya ba ta da rikici, domin ko dai an kai ka ko ba a kai ka ba. A wajen labari ne gizo yake saƙa, saboda yini ɗaya ba ya ɗaukar tarihin ɗaruruwan shekaru. Dole jagora ya zaɓi abin da zai faɗa, kuma kowane zaɓi yana barin wani abu a baya. To, idan abin da aka bari shi ne wanda zai sosa ran baƙin da suka biya, me za mu kira wannan shirun? Ƙarya ce, ko kara? Kuma alhakinsa yana wuyan wa?

Zan auna wannan tambaya da wuri guda, wato Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, cikin jerin tsaunukan Mandara da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru. A 1999 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya, kafin dajin Osun na Osogbo ya biyo baya a 2005. Sunansa ya daɗe da fita. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya bi ta gefen waɗannan tsaunuka a 1851 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya ji labarin ƙarfin Sukur har ya rubuta shi, ko da yake bai hau ba.

Mu mun hau. Mu takwas ne, yawancinmu masu bautar ƙasa, muka bar Mubi bayan sallar asuba a ƙarshen damina, muka bi ta Michika da Gulak har gindin dutsen. A nan wani dattijo ɗan garin ya karɓe mu, shi ne jagoranmu na yinin. Hanyar hawa shimfiɗe take da faffaɗan duwatsu waɗanda hannun mutane ya jera, ƙafafu kuma suka goge su har suna santsi. Hagu da dama gonaki ne hawa-hawa, kowace an tokare ta da jerin duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Idan mutum ya tsaya ya waiwaya, sai ya ga fili ya miƙe a ƙasa har inda ido ya gaza. Ban taɓa ganin wurin da aikin hannu da halitta suka jitu haka ba, kuma gajiyar cinya ba ta rage masa komai.

Dattijon ya san aikinsa. Ya nuna mana gidan Hidi, wato sarkin Sukur, da katangunsa na dutse da aka ɗora ba tare da laka ba. Ya nuna mana rumbuna, da ramin da ake ajiye sa a ciki a yi ta ciyar da shi har ya yi ƙiba. Ya daɗe a kan ƙarfe: yadda ake tattara baƙin yashin tama a magudanan ruwa, yadda ake narka shi da gawayi da zuga-zugi, da yadda sandunan ƙarfen Sukur suka riƙa tafiya kasuwannin ƙasa har Borno, kafin ƙarfen waje ya kashe sana'ar a tsakiyar ƙarni na 20. Da muka zo wuraren da aka yi gyara, ya ba mu labarin 2014 ba tare da an tambaye shi ba, shekarar da Boko Haram ta mamaye Madagali da Michika da Mubi, ta kuma hau har saman dutsen ta cinna wuta. Ya faɗa dalla-dalla, mu kuma muka yi ta jajantawa.

Suna ɗaya ne bai fito daga bakinsa ba: Hamman Yaji.

Hamman Yaji shi ne mai mulkin Madagali daga 1902, lokacin da yankin yake hannun Jamus, har zuwa 1927 da Turawan Ingila suka tuɓe shi. Ya rasu a 1929. Abin da ya bambanta shi da sauran masu sarauta na zamaninsa shi ne ya bar kundi. Daga 1912 zuwa 1927 ana rubuta masa abubuwan da ya yi da Larabci, kuma James Vaughan da Anthony Kirk-Greene sun buga fassarar kundin da Turanci a 1995. A cikinsa akwai lissafin hare-haren da ya tura kan mazauna tsaunuka, da adadin shanu da na mutanen da aka kamo, a jere kamar yadda ɗan kasuwa yake lissafin haja. Mutanen da aka kama sun haura dubu, kuma Sukur tana cikin wuraren da aka kai wa hari fiye da sau ɗaya. Wannan ba zamanin da ba ne. Kakannin mutanen da muka gaisa da su a hanya sun gan shi da idonsu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bambancin da dattijon ya yi tsakanin baƙin ciki biyu. Na 2014 ya fi kusa, ya fi zafi, amma shi ya faɗa. Na shekaru ɗari ya fi nisa, amma shi ya haɗiye. Dalilin, a ganina, ba ya rasa nasaba da fuskokinmu. Boko Haram abokiyar gabar kowa ce a cikin tawagar, don haka labarinta yana haɗa mai faɗa da masu ji. Labarin Hamman Yaji kuwa raba su yake yi. Mu mutanen fili ne, da rigunanmu da hulunanmu da mayafanmu, wasunmu Hausawa wasu Fulani. Ba wanda kakansa ya fito daga Madagali, amma daga saman dutse ba a tantance wannan. Har harshen da yake mana bayani da shi, Hausa, ba nasa ba ne, kuma harshe ne da ya daɗe yana kiran irin kakanninsa arna.

Mai tsaurin ra'ayi zai ce ƙarya ce kawai. Hujjarsa tana da ƙarfi: ba sai da baki ake ƙarya ba. Wanda ya sayar maka da gida ya nuna maka zaure da rijiya, ya yi shiru a kan bangon da ya tsage, ya cuce ka ko da kowace kalmarsa gaskiya ce. Baƙon da ya sauko daga Sukur yana zaton tsawon dutsen don kallo aka yi shi, bai san cewa tsawon nan mafaka ce ba, ya tafi da hoton da ba daidai ba, kuma zai raba wa wasu.

Sai dai misalin gidan yana da rauni. Mai sayar da gida yana ɓoye aibin kayansa don ya ci riba a kanka. Dattijon nan kuwa ciwon kansa yake ɓoyewa don kada ka ji kunya. Bahaushe ya san wannan ɗabi'a, har ya ba ta sunaye: kara, kawaici, alkunya. Muna yabon mai gidan da baƙo ya taka masa tabarma da takalmi ya kau da kai. Ba zai yi kyau mu yabi kawaici a zaurenmu, sannan mu kira shi ƙarya idan wani ya yi mana shi a kan dutsensa ba. Ga kuma maganar ciki. Maziyarta Sukur ba su da yawa, musamman tun bayan rikicin, kuma ɗan tukuicin da ake ba jagora a ƙarshen yini ya dogara da yadda ran baƙi ya yi fari. Wanda ke jiran abin hannunka ba shi da cikakken 'yancin ɓata maka rai.

Shi ya sa nake ganin an ɗora tambayar a kan wanda bai kamata ba. Mai kuɗin ne yake tsara labarin, ko da bai buɗe baki ba. Jagora yana karanta fuskoki kamar yadda mai talla yake karanta kasuwa: inda aka yi murmushi ya ƙara, inda aka ɗaure fuska ya taƙaita. Bayan tawaga ɗari, abin da ya rage a bakinsa shi ne abin da tawaga ɗari suka nuna suna so. A kurkukun bayi na Elmina da Cape Coast a Ghana, jagorori suna faɗin komai, har da ɗakunan duhu da ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi, saboda masu zuwa don jin hakan suke zuwa, kuma masu laifin sun zo ne daga hayin teku. Faɗin gaskiya yana da sauƙi idan mai laifin baƙo ne na nesa. Namu na cikin gida shi ne har yanzu ba mu koyi yadda ake sauraronsa ba.

A nan ƙanƙantar tawaga take da amfani da kuma haɗari. Cikin mutum hamsin, jagora lasifika ne kawai, yana karanto abin da ya haddace. Cikin mutum takwas ana haɗa ido, ana shan ruwa a gora ɗaya, kara tana ƙara nauyi. Amma a nan ne kuma ake iya tambaya. Da muka zauna hutawa a inuwa, na ce masa, "Baba, na karanta labarin Hamman Yaji a jami'a. In ba takura, me ake cewa game da shi a nan?" Ya dube ni, ya dubi sauran, ya ce, "Ɗana, ashe ka san wannan suna?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ba mu abin da ya ji daga kakarsa: yadda ake gudu a shige cikin kogunan dutse, da gidajen da har yau ake tuna wanda aka tafi da shi daga cikinsu. Bai ɗaga murya ba, bai kuma zargi kowa a cikinmu ba. Bai fi minti goma ba ya miƙe ya ce rana tana yi.

Ɗaya daga cikin abokan tafiyar bai ji daɗi ba. A hanyar saukowa ya ce mini shan iska muka zo, ba tone-tone ba, kuma irin wannan magana ita ke hura wutar ƙabilanci a yankin da bai gama warkewa ba. Ban raina maganarsa ba, don tsoronsa na gaske ne. Akwai masu ɗaukar tarihi su mai da shi makami, kuma Adamawa ta ga isasshen jini. Amma lura da wanda shirun yake yi wa aiki. Mutanen dutsen ba su manta ba, a gidajensu ana faɗa. Mu kaɗai ne shirun yake karewa, kuma zaman lafiyar da sharaɗinsa shi ne ɓangare ɗaya ya riƙa haɗiye abin da ya sani, ban ga yadda zai yi ƙarko ba. Ban da haka, sauraro ba amsa laifi ba ne. Ba wanda ya nemi in ɗauki nauyin abin da wani hakimi ya yi kafin a haifi kakana.

Akwai wata damuwar da ta fi wannan nauyi a wurina. Tambaya ma tana iya zama cin zali. Wane ne ni da zan zo na yini ɗaya in sa dattijo ya buɗe ciwon gidansu, in saurara, in ɗauki hoto, in koma Mubi in ci tuwon dare? Idan baƙi suka fara neman labarin hawaye kamar yadda suke neman wurin ɗaukar hoto, shi ma zai zama haja, jagora ya haddace shi, ya riƙa zubo shi a inuwa ɗaya kowane mako. Saboda haka nake ganin haƙƙin baƙo ya tsaya a buɗe ƙofa: ya karanta kafin ya zo, ya nuna ya san akwai abin da ba a faɗa ba, ya tambaya sau ɗaya cikin ladabi. Idan mai gida ya ce a bar maganar, an bar ta. Shirun da mutum ya zaɓa bayan ya san ana son ji daban yake da shirun da tsoron ɓacin ran baƙo ya ɗora masa, ko da a kunne duka ɗaya ne.

Kuma bai dace duk nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya mai jiran tukuici ba. A makarantun da na yi an koya mini cewa Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu a 1809, an kafa Yola a 1841, kuma wannan yanki ya zaɓi zama cikin Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Duk gaskiya ne. Amma sai da na kai aji uku a jami'a kafin na ji yadda wannan tarihi yake idan an kalle shi daga saman dutse. Da littafin sakandare ya ɗauki shafi ɗaya a kai, da baƙi sun riƙa hawa da saninsu, jagora kuma ya huta da zaɓi tsakanin abincinsa da kakarsa.

Akwai kuma abin da mu masu yini ɗaya ba ma sakawa a lissafi. Jikokin waɗanda suka kai harin da jikokin waɗanda aka kai wa suna nan a ƙaramar hukuma ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, kuma a 2014 tare suka yi gudun hijira. Dattijon yana sauka kasuwa ya sayi gishiri da sabulu a hannunsu, 'ya'yansa suna aji ɗaya da nasu. Kowace kalma da ya faɗa wa baƙo tana iya riga shi sauka daga dutsen.