Haƙƙin Na Ƙasa A Kan Na Sama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya ratsa Kura ko Bunkure da rani, ya ga shinkafa da alkama da tumatir sun yi kore shar, ya san Allah Ya yi mana baiwa. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da rabonsa. Daga kogin nan kuma ake ɗibar ruwa a Tamburawa, a tace, a tura wa mutanen birnin Kano. Ashe manomi da ɗan birni ƙwarya ɗaya suke sha.

To, ina aibin yake? Wanda gonarsa ke bakin magudana yakan toshe ruwa ranar da ba tasa ba, ko ya fasa hanya da dare, gonarsa ta cika har ta yi ambaliya, alhali shukar na can ƙarshe tana ƙonewa. Wani ya ƙi fita aikin gayyar yashe magudana. Wani ya ƙi biyan kuɗin ruwa.

Shari'a ba ta bar wannan ba. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da rafin Mahzur na Madina: na sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa. Watau an ba shi gwargwadon bukatarsa, abin da ya ragu kuwa haƙƙin maƙwabcinsa ne.

Saboda haka shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su bi layi bisa adalci, kada su duba fuskar mai hali. Ma'aikatan da ke buɗe ƙofofin ruwa su tuna amana ce a hannunsu. Ɗan birni kuma ya rufe famfonsa, ya kai rahoton bututun da ya fashe, domin an hana almubazzaranci ko a wajen alwala.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, Ya albarkaci nomanmu. Amin. Wassalam.