Rufin Asiri da Aikin Ɗan Jarida Mai Bincike

Babu addu'ar da ta fi yawa a bakin mutanen Sakkwato kamar roƙon Allah ya rufa asiri. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan hankalin iyaye ya tashi sa'ad da ɗansu ko 'yarsu da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ce ya zaɓi aikin jarida na bincike, wato bin diddigin kuɗin jama'a ta cikin takardun kasafi da na kwangila. Shin wanda ya mai da tonon asiri sana'arsa bai saɓa wa Doka ta Takwas ba?

Tambayar tana da nauyi. Ikilisiya tana koya mana cewa ban da ƙazafi, wanda ƙarya ce tsagwaronta, akwai zunubin ɓata suna, wato bayyana aibin mutum ga waɗanda ba su sani ba alhali babu ƙwaƙƙwaran dalili. Ashe mutum yana iya faɗin gaskiya ya kuma yi zunubi. Maganar duka ta rataya a kan dalilin.

Mu dubi abin da ya faru a Zamfara, wadda ke cikin wannan Dayosis tamu. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, domin ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar kuwa tana shiga jikin ƙanana. Yara aƙalla 400 suka rasu. An tsabtace wasu ƙauyuka, aka bar Bagega. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma watanni suka shuɗe kuɗin bai fito ba, likitoci kuwa ba su iya fara magani ba sai an kwashe ƙasar da ta gurɓata, domin yaron da aka yi wa magani ya koma wasa a tsakar gidan nan zai sake kwasar gubar. Sai wasu matasa, Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money, tare da 'yan jarida, suka riƙa tambaya a fili: nawa aka ce, yana hannun wa, yaushe zai iso? A watan Janairun 2013 aka saki kuɗin. Da an yi shiru don rufa wa jami'ai asiri, da 'ya'yan talakawan Bagega ne za su biya da rayukansu. Kuɗin jama'a ba asirin gidan kowa ba ne, kuma tun 2011 dokar 'yancin samun bayanai ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun hukumomin gwamnati.

Amma hakan bai wanke kowane mai alƙalami ba. A labarin Suzana, Daniyel bai tsaya ga zato ba. Ya raba dattawan nan biyu, ya tambayi kowannensu a ƙarƙashin wane itace abin ya faru, har amsoshinsu suka saɓa. Haka ya wajaba ɗan jarida ya gwada lissafinsa sau biyu, ya je ya ga ko asibitin da takarda ta ce an gina yana nan a ƙasa, ya kuma ji ta bakin wanda ake zargi kafin ya buga. Alƙaluma ma ana iya murɗa su. Wanda kuma ya riƙe takarda a aljihu yana ciniki da ita, ko ya karɓi ambulan don ya yi gum, laifinsa ya fi na mai gulma, domin jama'a sun amince da shi.

Tsoron iyaye kuwa ba mu raina shi ba. Ranar 19 ga Oktoba, 1986, wani ƙunshi da aka kai wa Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, ya fashe a gidansa da ke Ikeja ya kashe shi, har yau kuma babu wanda kotu ta hukunta a kan kisan.